Babi na Uku: Ranar da Kallo Ya Shigo Cikin Gida

A gidanmu, a ɗakin matar babban yayanmu aka fara ajiye bidiyo. Cikin kayan kallon da Yaya ya haɗa wa amaryarsa ya zo, tare da talabijin mai inci 14, aka ɗora su a kan kabad kusa da jeren kwanukanta. Ita da kanta ta saƙa masa marufi da zaren ulu saboda ƙurar hunturu, kuma babu yaron da ya isa ya ɗaga marufin nan sai da izininta. Da an idar da sallar isha'i, in dai akwai wuta, sai takalma su fara taruwa a bakin ƙofarta: silifas ɗin yara, na matan gida, da na maƙwabtan da suka shigo da sunan gaisuwa. Manya a bakin gado da kan kujera, 'yan mata a kan leda, mu kuma yara a gaba dab da gilashi, har sai an daka mana tsawa mu ja baya kada idonmu ya lalace. Wanda ya makara sai dai ya leƙa ta taga.

Daren da aka kawo fim ɗin Sangaya ne ya fi zauna mini a rai. Sau uku ana aikena shagon haya, mai shago yana ce mini kaset yana hannu. A na ukun na ƙi tafiya, na zauna a bencinsa har wanda ya karɓa ya dawo da shi. Na cusa shi a cikin riga na taho da gudu. Anti, wato matar Yaya, ta karɓa, ta duba 'yar tagar kaset ɗin, ta ga zare duk ya koma gefe guda, ta ja tsaki ta ce wanda ya kalla bai tariyo ba. Muka zauna muna sauraren ƙugin na'ura tana mayar da zare. Bai wuce minti uku ba, amma ko tari babu wanda ya yi. Ta danna, layuka suka yi rawa a fuskar talabijin, hoto ya daidaita, kiɗa ya tashi. Gwaggo, wadda ta haura shekara 60 ba ta taɓa taka ƙofar gidan sinima ba, ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "To, bismillah."

Masu ba da tarihin finafinan Hausa sukan fara daga kyamara, da darakta, da jarumi. Ni daga ɗakin Anti nake farawa, domin a irin wannan ɗaki ne sana'ar ta sami masu ciyar da ita. Kafin a gane dalili, sai an san inda kallo yake zaune a da, da kuma waɗanda aka bari a waje.

Ƙofar da mata ba sa shiga

Majigi ne ya fara nuna wa talakan ƙasar Hausa hoto mai motsi. Motar gwamnati ce take zuwa gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, a nuna yadda ake noman auduga da gyaɗa, ko tsabta, ko rangadin manya. Gidan sinima na kuɗi kuwa, a Kano ya fara da Rex a 1937, a wajen ganuwa, inda baƙi da 'yan kasuwa suke. Daga baya aka sami irin su Palace da Plaza da El Dorado da Orion da Marhaba. Yawancinsu fili ne mai katanga ba rufi, shi ya sa sai rana ta faɗi ake nuna fim.

Tun farko sunan sinima bai yi kyau a cikin birni ba. Wuri ne na dare, inda samari da 'yan iskan gari da matan da ba su da aure suke haɗuwa. Da gobara ta tashi a sinimar El Duniya a 1951 ta halaka mutum fiye da 300, mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin ishara. Duk da haka maza ba su daina zuwa ba, musamman da 'yan Lebanon masu gidajen suka fara kawo finafinan Indiya. Samarin Kano sun haddace waƙoƙin da ba su san ma'anarsu ba, suka raɗa wa jarumai sunaye na gida. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin.

Kusan duk wannan shagali na maza ne. Matar aure tana cikin kulle, budurwar da aka gani a layin yankar tikiti kuwa ta jawo wa kanta sunan da zai bi ta har ɗakin miji. Rabin jama'a ke nan, kuma labarin fim sai dai su ji a bakin ƙannensu.

Talabijin ya ɗan sassauta. Kaduna ta sami tasha tun 1962, Kano ta samu a shekarun 1970, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a farkon shekarun 1980. A nan aka san Usman Baba Pategi a rigar Samanja, da Ƙasimu Yero, da Karkuzu daga Jos, da zaman shari'ar Kuliya Manta Sabo. Tashar Kano kuma tana saka finafinan Indiya a kai a kai. Sai dai talabijin da lokacinsa yake zuwa. A lokacin, da yamma ake buɗe tasha, da dare a rufe ta da taken ƙasa. In shirin da kike so ya zo kina tuƙin tuwo, ko yaro yana kuka, ko an ɗauke wuta, ya wuce ke nan, sai dai ki nemi labari a wajen maƙwabciya.

Akwatin da ya tsallake zaure

A ƙasar Japan aka ƙera abin da ya warware wannan. Kamfanin Sony ya fitar da Betamax a 1975, JVC ya fitar da VHS a 1976. VHS ne ya ci kasuwa, saboda kaset ɗinsa ya fi ɗaukar dogon lokaci, kuma an bar kamfanoni da yawa su ƙera na'urarsa. Zuwansa ya dace da shekarun da kuɗin fetur da ƙarin albashin Udoji suka sa ma'aikata sayen rediyo da fanka da talabijin. Wasu a kanti suka saya, wasu a cikin tsarabar alhazai ya iso gidajensu.

Da farko abin da ake zura masa na waje ne: Indiya, da 'yan Chana masu faɗa irin su Bruce Lee, da na Amurka, sai kaset ɗin wa'azi da na bikin wani mai hali. Amma akwai ƙungiyoyin wasan kwaikwayo a Kano da suka daɗe suna wasa a dandamali da gidajen talabijin, suna jiran tasha ta ba su fili. Fim irin na sinima ya fi ƙarfinsu. Wanda aka yi a da, kamar Shaihu Umar na Adamu Halilu a 1976, da hannun gwamnati a ciki, kuma bayan karyewar naira daga 1986 ko masu hali sun ja da baya. Kyamarar bidiyo kuwa ana iya hayarta a wajen mai ɗaukar biki.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, Salisu Galadanci ya ba da umarni. Shi ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na bidiyo na farko da ya shiga kasuwa ya karɓu, shekara biyu kafin Living in Bondage ya yi irin wannan a kudu. Ba a jima ba marubutan littattafan soyayya suka shigo. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim, aka yi wa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu haka. Wannan haɗuwa ba ta zo da mamaki ba. Matan da suke aika yara su karɓo musu hayar littafi, su ne dai suka fara aika su karɓo hayar kaset, wani lokaci ma a shago guda.

Wanda ya san mai sayen hajarsa ya san abin da zai kasa. Duba abin da finafinan shekarun nan suka fi magana a kai: kishiya, auren dole, uwar miji, rikon maraya, rabon gado, talaka ya so 'yar mai kuɗi. Maganganun tsakar gida ne, waɗanda ake yi a bakin murhu da wajen kitso. Sinima ba ta taɓa damuwa da su da harshen Hausa ba, domin masu su ba sa zuwa sinima. Kaset ya wuce ta zaure a aljihun yaro, ya tarar da su a ɗaki, ya nuna musu matar da ke magana irin tasu, da zani irin nasu, da damuwa irin tasu. Zuwa 1999 abin ya kai har ya haifi mujallunsa. Ibrahim Sheme ya fara buga Fim a wannan shekara, kuma a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji aka fara ganin sunan Kannywood, shekara uku kafin jaridar New York Times ta buga kalmar Nollywood.

Kwali da kaset

Yadda kaset yake isa ɗakin Anti ilmi ne mai zaman kansa. Furodusa in ya gama fim, ba kaset yake bugawa ya sayar ba. Kwali yake bugawa, wato rigar kaset mai hoton jarumai da sunan fim. Sai ya kai wa dillalai a Bata da Ƙofar Wambai kwalayen tare da masta. Dillali shi ke sayen kaset wanda ba komai a kansa, shi ke kwafa, shi ke zura shi a kwali ya sayar. Kuɗin furodusa yana kan kwali ne, kuma sau da yawa sai an sayar ake biyansa. Kwalin da bai shiga ba a dawo masa da abinsa.

Kwafar ma ba ta gaggawa ba ce. Na'urori ake jerawa a kan kanta, a haɗa su da waya, guda tana karanta masta saura suna ɗauka. Fim mai awa biyu, awa biyu cur zai ci kafin a cire a zura wasu. Dare da rana injin yana ruri. Kuma kowace kwafa tana rage wani abu: kala ta ɗan dushe, murya ta ɗan shaƙe. In aka kwafa daga kwafa, fuskar jaruma sai ta koma kamar ana hango ta cikin hazo. Da irin wannan hoto muka girma, kuma bai hana mu kuka a inda ake kuka ba.

Daga kasuwannin nan kaset yake bazuwa. Fatake suna saye da katan su nufi Katsina da Sakkwato da Maiduguri, su tsallaka Maraɗi da Damagaram da Yamai, wasu Garwa da Njamena, wasu zangon Kumasi da Nima a Ankara, har zuwa ga Hausawan Sudan da na Makka. Yaron da aka haifa a zango, wanda Hausarsa ta gauraya da harshen garin, a kaset ya ji yadda ake gaida suruki a Kano, ya ga ganuwa da yadda ake naɗa rawani.

A ƙarshen sarƙar akwai mai shagon haya na unguwa. Kaset guda zai saya, ya rubuta lamba a gefensa, ya buɗe littafi yana rubuta sunan gidan da ya karɓa da ranar dawowa. Kaset ɗaya zai zaga gida 30 ko fiye, a kowane gida mutum 20 su kalla, furodusa kuwa kuɗin kwali guda ya gani. Wannan ne ya koya wa masu fim raba labari kashi biyu, wani har uku da huɗu. Daidai inda amarya ta ɗaga kofin da aka zuba wa magani, sai hoto ya tsaya, rubutu ya fito a ce mu haɗu a kashi na biyu. Ɗaki ya ɗauki salati, gobe kuma a sake aiken yaro.

Yadda ake kallo

A ɗakin Anti ba a kallo da baki a rufe. Gwaggo tana yi wa jaruma magana kamar tana jin ta: "Ke 'yar nan, kada ki sha! Ba ki ga idonta ba?" In muguwar uwar miji ta fito, irin rawar da marigayiya Saratu Giɗaɗo ta ƙware a kai, Allah-ya-isa ta ko'ina take tashi. In Rabilu Musa Ibro ya leƙo, tun bai buɗe baki ba yara sun fara birgima. Bayan fim ya ƙare ba a watsewa nan take. Sai an yi shari'a: wa ya fi laifi, mijin ko uwarsa? Da ke ce, za ki koma gidan? A nan na fara jin matan gidanmu suna faɗin ra'ayinsu a kan aure da saki da haƙuri, suna fakewa da sunan 'yar fim suna faɗin abin da ke cinsu. Yarinyar da ba ta isa ta ce wa mahaifiyarta ba ta son wanda aka zaɓa mata ba, tana iya cewa an zalunci Zubaina ta cikin fim, kuma uwar ta gane.

Akwai kuma kunya, wadda ita ma tana da kujerarta a ɗakin. In waƙa ta zo, saurayi da budurwa suka shiga lambu suna juyi, sai Anti ta saci kallon Gwaggo. In ta ga fuska ta canza, sai ta miƙa hannu ta danna, mutanen cikin talabijin su yi ta tsalle-tsalle da sauri har a wuce wurin. In aka ji gyaran muryar Baba daga zaure, kafin ya iso tsakar gida an rage murya. Wata rana ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗan kalla, ya ce, "Wannan yaron da ya tsaya a kan mahaifinsa yana magana, a gidan wa aka koya masa?" Bai ƙara komai ba ya wuce. Har yau ina tuna wannan tambaya fiye da sunan fim ɗin.

Ba kowa ne ya yi murna da baƙon nan ba, kuma masu ƙorafi suna da hujja. Abin da ke sinima, wanda ya je shi ya gani. Kaset kuwa har ƙuryar ɗaki yake shiga ba sallama. Bayan Sangaya a 1999 da Wasila a 2000, kasuwa ta gane cewa waƙa ce ke sayar da fim, sai kiɗan fiyano da rawa irin ta Indiya suka mamaye, har wani fim ɗin labarin ya zama ɗan rakiya. Malamai suka yi magana a kan mumbari, iyaye suka yi a zaure. A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2007 ma an sake dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni. Ina ganin amfanin hukuma. Amma tacewar da na ga ta yi aiki a kaina ita ce ta ɗakin Anti, inda babba yake zaune kusa da yaro suna kallon abu guda, wanda ya ga ba daidai ba ya faɗa a take, yaro ya ji da kunnensa.

Na'urar kanta tana da halinta, kuma kowa a gidan ya zama ɗan ƙaramin makaniki. In hoto ya fara yayyafi, an san kan bidiyo ya yi datti, sai a buɗe a goge shi a hankali da farar takarda da ɗan sipirit. In ya tauna zare, sai a zaro kaset a lallaɓa, a zura biro a ramin da ke ƙarƙashinsa don a saki ƙafafun, a naɗe da yatsa. In zaren ya tsinke a haɗa da salatif, a yi asarar 'yan daƙiƙu na fim. Babban tashin hankali shi ne a ɗauke wuta kaset yana ciki. Ya taɓa faruwa da mu ana saura kwata fim ya ƙare. Kwana biyu ba wuta, kuɗin haya yana hawa, mai shago yana aiko yaro. A dare na biyu Yaya ya shimfiɗa tabarma, ya ce in riƙe masa fitila, ya kwance na'urar da sukudireba yana jera kusoshin a cikin murfin kwano don kada su ɓace. Da yatsa ya riƙa juya wani ɗan gargare har kaset ya ɗago ya fito. Anti tana tsaye a kansa tana cewa, "Don Allah a hankali, kada ka ɓata mini." Mun mayar da kaset ba mu ga ƙarshen fim ɗin ba, sai 'yar maƙwabta ce ta ba mu labari.

Daga faifai zuwa tafin hannu

A tsakiyar shekarun 2000 faifan sidi ya fara ture kaset. Na'urarsa 'yar Chana ce mai araha, ba ta cin zare, ba a tariyowa. Faifai guda bai wuce minti 80 ba, don haka fim yakan zo a faifai biyu. Daga baya difidi ya zo, ana cusa fim huɗu ko goma a faifai ɗaya. Da shi ne samari suka san kallon sizin, su kwana a kan 24 ko Prison Break ko Jumong na Koriya, kashi yana ƙarewa wani yana farawa. Sai ga finafinan Indiya da aka ɗora wa muryar Hausa, irin fassarar Algaita, suka zo suka raba kasuwa da na gida.

Sauƙin faifai shi ne ajalinsa. Abin da kaset yake ɗaukar awa biyu, kwamfuta tana kwafe shi cikin 'yan mintuna, kuma kwafa ta ɗari daidai take da ta farko. Satar fasaha ta zama ruwan dare. Da wayar hannu mai memori ta yawaita, sai faifan ma ya zama kaya. Matashi ya kafa tebur da lema da kwamfuta a bakin titi, ka miƙa masa waya da 'yan canji ya tura maka fim biyar. Shagunan haya suka rufe ɗaya bayan ɗaya, dillalan kaset da yawa suka koma sayar da caja da murfin waya. Furodusoshi da dama sun karye a wannan tsakani.

Abin da ya tayar da sana'ar ya zo ta hanyar da aka baro. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in da Gidan Badamasi. A 2020, shekarar da annobar korona ta zaunar da mutane a gida, Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka nuna cewa fim mai dogon zango, kashi guda kowane mako, shi ne sabuwar kasuwa, a talabijin da kuma YouTube. An koma jiran mako kamar zamanin Samanja, sai dai yanzu wanda ya rasa yana iya nema ya kalla lokacin da ya ga dama.

Alherin wannan zamani a fili yake. Hoto garau, ba aiken yaro, ba kuɗin haya mai hawa. Bahaushiyar da ke Jidda ko Landan tana kallon kashin da aka saki a daren da 'yar uwarta ta Gusau take kallo. Mai fim yana samun kuɗin talla ba tare da ya bi dillali bashi ba. Amma da sallar da ta wuce na shiga gidanmu bayan isha'i, na tarar da mutum bakwai a falo. Babban talabijin yana manne a bango a kashe. Kowa ya sunkuya a kan wayarsa da abin ji a kunne, uku daga cikinsu ma shiri guda suke kallo, kowa a inda ya kai. Wata ta yi dariya ita kaɗai, babu wanda ya tambaye ta dalili. Yaro ɗan shekara 10 yana kwance a lungun kujera, hasken waya a fuskarsa, kuma babu babban da ya san abin da yake gani, balle ya ce masa wannan ba halin kirki ba ne.

Buhun da ke ƙarƙashin gado

Washegari na tambayi Anti ina kaset ɗinta. Ta sa jikanta ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado. Sun fi 50 a ciki. Gara ta ci gefen wasu kwalayen, wasu kuma in ka duba ta tagar za ka ga farin fumfuna ya kwanta a kan zare. Zaren kaset leda ce da aka shafa wa garin maganaɗisu, kuma zafi da laima da ƙura suna cin sa ko ba a taɓa shi ba. Na'urar da za ta karanta shi ma tana ƙarewa: kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina a 2016.

Na zauna ina juya kwalayen. Ga Balaraba Muhammad, wadda ta rasu a 2003. Ga Ahmad S. Nuhu, 2007. Ga Hauwa Ali Dodo, 2010. Ga Ibro da jar hularsa, 2014. Muryoyinsu suna cikin wannan zare. Ba su kaɗai ba: akwai titunan Kano kafin gadojin sama, da ɗinkin da mata suke yayi, da jeren ɗakin amarya, da irin Hausar da samari suke yi a lokacin. Masu fim ɗin labari suka je ɗauka, amma kyamara ta haɗa da zamanin gaba ɗaya. Kuma da yake sana'ar ta tashi a hannun masu ƙaramin jari, waɗanda ke fita daga wannan fim su faɗa wancan, ba kowa ne ya adana mastarsa ba. Wani fim ɗin, kwafar da ta rage a duniya tana iya kasancewa a irin wannan buhu.

Shaihu Umar ya yi shekaru ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Ya yi sa'a, a kan fim irin na sinima aka ɗauke shi, kuma hukuma ce ta ajiye. Kaset ba shi da wannan tsawon rai, ba shi da wannan gata. Aikin ceto shi kuwa bai fi ƙarfinmu ba: na'ura mai lafiya, da 'yar mahaɗar da ke kai hoto cikin kwamfuta, da mutum mai haƙurin zama awa biyu a kan kowane kaset. Jami'o'inmu da gidajen tarihi da ƙungiyoyin masu fim za su iya, in suka sa kansu. Kafin nan, duk mai buhu a gida kada ya zubar, kada ya ba yara su warware zaren su yi wasa. Ya fitar da shi daga laima, ya jera kaset ɗin a tsaye a inuwa.

Na ɗauki guda biyar na kai wa wani mai gyaran rediyo da har yanzu yake da bidiyo mai aiki. Biyu sun ƙi, uku suka yi. Na roƙe shi aron na'urar na kwana guda, na kawo gida, muka yi ta neman wayar da za ta shiga sabon talabijin har aka samu. Bayan isha'i na zura kaset. Layukan nan suka yi rawa, hoto ya fito dishi-dishi, kiɗa ya tashi da 'yar shaƙewa. Anti ta ajiye carbinta a cinya. Jikarta ta cire abin kunne guda ta ɗago kai, ta ce, "Hajiya, wannan wace ce?" Anti ta faɗa mata sunan jarumar, sannan ta nuna gefen kujera ta ce a daidai nan Gwaggo take zama, Allah ya jiƙanta, kuma in an zo wurin nan sai ta yi magana. Yarinyar ta matso kusa da ita ta ce, "Me take cewa?" Anti ta ce ta bari a zo wurin tukuna.